Yaya Na Ba Baba Ciprofloxacin, Yanzu Sai Ya Dafa Bango Yake Tafiya

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Mahaifinmu shekararsa 68, yana da ciwon suga, ya kai shekara tara yana shan glibenclamide. Wata huɗu da suka wuce likita ya ɗora shi a kan prednisolone saboda ciwon gaɓɓai. Babban yayanmu ne ke ɗauke da duk hidimar maganinsa, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai duk lokacin da jikin Baba ya yi zafi, Yaya zai ce taifot ne, ya kawo ciprofloxacin ya ba shi, domin shi ma da shi ya warke shekara biyu da suka wuce. A bana wannan ne karo na uku, kuma yau kwana huɗu da fara sha. Shekaranjiya Baba ya fara kukan bayan dunduniyarsa ta dama, wurin ya ɗan kumbura, da safe sai ya dafa bango kafin ya kai bakin ƙofa. Jiya da daddare kuma Mama ta tarar da shi sharkaf da gumi, hannunsa na rawa, yana magana ba kan gado, sai da ta ba shi ruwan sukari ya dawo hayyacinsa. Na buɗe takardar da ke cikin kwalin maganin na ga an ambaci ciwon agara. Da na gaya wa Yaya sai ya fusata. Ya ce tsufa ne kawai, kuma kowa ya san ba a yanke antibayotik a tsakiya, wai ni da ban taɓa sayen ko ƙwaya ɗaya ba zan zo in koya masa. Baba ya ce kada a yi rigima a kansa, duk abin da Yaya ya ce shi za a yi. Mama ta yi shiru. Ni kuwa na kasa barci. In na ɓoye maganin na raina babba, in na yi shiru ina tsoron abin da zai biyo baya. Har na fara tunanin in ɗauke magungunan gaba ɗaya, da prednisolone ɗin da komai, jikinsa ya huta. Me zan yi?

Daga wata ɗiya mai damuwa.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Da na karanta saƙonki sai na ture sauran wasiƙu gefe na fara da shi, domin a cikinsa akwai abin da ba ya jiran gobe. Maganar Yaya za mu zo kanta, kuma zan daɗe a wurin, amma bari mu fara da ƙafar Baba da kuma daren jiya.

Kada Baba ya ƙara shan ko ƙwaya ɗaya ta ciprofloxacin kafin likita ya gan shi, kuma a kai shi yau ɗin nan. Abin da takardar da kika buɗe ke faɗa ke nan, shi ne kuma abin da hukumomin kula da magunguna suka tsayar: da zarar mai shan wannan magani ya ji ciwo ko ya ga kumburi a agara, ya dakatar da shi, ya hutar da ƙafar, ya nemi likita ba tare da ɓata lokaci ba. Kafin ku fita, kada a bar shi yana takawa yana cije baki. A kawo masa abin da yake buƙata inda yake zaune, a tallafe shi idan zai shiga bayi, a matso da mota har bakin ƙofa. Kada kuma wani ya ce zai ja ƙafar ko ya murza wurin da ƙarfi da sunan targaɗe. Agarar da ta yi rauni kamar igiya ce da ta fara warwarewa zare-zare, ja ɗaya na iya ƙarasa ta.

Agara ita ce kakkaurar jijiyar nan da ke haɗa naman sharaɓa da ƙashin dunduniya, da ita mutum ke ɗaga diddigensa a kowane taku. Ciprofloxacin da danginsa, irin su levofloxacin da ofloxacin da moxifloxacin, waɗanda likitoci ke haɗawa a ƙarƙashin sunan fluoroquinolone, suna iya raunana irin wannan jijiya har ta kumbura ko ta tsinke. A watan Yulin 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta sa aka rubuta wannan gargaɗi a cikin baƙin akwati a kan takardar maganin, kuma wannan shi ne gargaɗi mafi girma da take da shi. Ta ambaci mutane kashi uku da haɗarin ya fi yawa a kansu: waɗanda suka haura shekara 60, da masu shan magungunan steroid irin su prednisolone, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda ko zuciya ko huhu. Ki ƙirga ki gani, Baba ya faɗa cikin kashi biyu a lokaci guda. Ciwon na iya somawa cikin awa 48 da fara shan maganin, wanda ya yi daidai da lissafin kwanakin da kika ba ni, yana kuma iya bayyana watanni bayan an gama sha. Yana iya kama ƙafa biyu, wani lokaci kafaɗa ko hannu. Idan Baba ya ji wani ɗas a bayan ƙafar, ko ya ji kamar an jefe shi da dutse a wurin alhali ba kowa a bayansa, daga nan ya kasa ɗaga diddige, to agarar ta tsinke ke nan, sai sashen gaggawa kai tsaye. Kada ku ce ya tsaya a kan yatsu don ku gwada. Likita na da hanyar dubawa yana kwance. Tsinkewar agara na nufin makonni a cikin filasta ko takalmin asibiti, wani lokaci har tiyata, kuma ga mai ciwon suga da ke shan steroid rauni ba ya saurin warkewa. Shi ya sa nake so a tsaya tun tana matakin kumburi.

Duk da haka, abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne daren jiya. Gumi sharkaf, rawar hannu, magana ba kan gado, sannan ruwan sukari ya dawo da shi: wannan siffar saukar suga ce sosai. Glibenclamide aikinsa matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, kuma yana daɗewa a jiki, musamman a jikin tsofaffi da waɗanda ƙodarsu ta fara gajiya. Idan ciprofloxacin ya haɗu da shi, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas. A watan Yulin 2018 FDA ta ƙarfafa gargaɗi a kan wannan, ta ce saukar sugan na iya kai mutum ga doguwar suma, kuma tsofaffi da masu shan maganin suga su ne a kan gaba. Ga zazzaɓi da ke hana mutum cin abinci, ga prednisolone da ke ingiza suga sama ta ɗaya ɓangaren. Jikin Baba a kwanakin nan ana ja masa suga ta fuska biyu, ba wanda ke riƙe da ma'auni.

Ki gaya wa Mama ta yi daidai, kuma ki gode mata. Ina jin shirun da ta yi na tsoro ne, domin ita ta gan shi a wannan hali da idonta, cikin dare, ita kaɗai. Idan kuna da na'urar gwajin suga, a auna shi yanzu, a sake aunawa kafin kowane abinci da kafin barci, a rubuta lokaci da adadi a takarda. Duk abin da ya gaza 70 a na'ura mai ƙirga da mg/dL, ko 3.9 a mai ƙirga da mmol/L, ya yi ƙasa. In hakan ta faru yana farke yana iya haɗiya, a dama babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, kimanin gram 15, a ba shi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci mai riƙe ciki. In kuwa ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Saukar sugan glibenclamide na da halin dawowa bayan wasu awanni ko da mutum ya farfaɗo, don haka kada ya kwana shi kaɗai. Idan ma'aunin ya nuna ƙasa, ko bai ci abinci ba, a jinkirta ƙwayar glibenclamide ta gaba har a ji ta bakin likita. Ki kuma faɗa wa likitan maganar ruɗewar dalla-dalla, domin wannan dangin magani shi kansa yana iya jawo wa tsoho ruɗewa da rashin barci da gane-gane, haka ma cutar da ta yi ƙarfi a jini. Shi ne zai tantance wanne ne.

Yanzu ga tunanin da kika yi na ɗauke magungunan gaba ɗaya. Na fahimci inda ya fito, amma don Allah kada ki taɓa prednisolone. Akwai wasu ƙananan ƙululu biyu a saman ƙoda da ke samar da sinadarin cortisol, wanda ke riƙe ƙarfin jini da kuzarin jiki. Idan mutum ya wuce kimanin mako uku yana shan prednisolone, sai su rage aiki tunda ana kawo musu daga waje. Baba ya yi wata huɗu. In aka yanke masa rana ɗaya, musamman yana cikin zazzaɓi, jikinsa na iya mutuwa liƙis, ya kama amai, jininsa ya sauka, abin ya kai ga rai. Likita ne ke rage shi a hankali, kaɗan-kaɗan. Magani ɗaya za a dakatar yau, shi ne ciprofloxacin.

To mu zo kan Yaya. Maganar da ya faɗa cewa ba a yanke antibayotik a tsakiya, a mafi yawan lokuta gaskiya ce, kuma na ji daɗi da ya san ta, domin mutane da yawa da sun ji sauƙi sai su jefar da sauran. Abin da bai sani ba shi ne ƙa'idar na da togaciya. Idan magani ya fara yi wa jiki lahani mai girma, kamar kumburin fuska da sarƙewar numfashi, ko ƙuraje masu sale fata, ko ciwon agara a irin wannan magani, dakatarwa ita ce ƙa'idar, sai likita ya canza wani idan har ana buƙata. Ban da haka, wannan shan tun farko ba likita ne ya tsara shi ba, balle a ce an karya tsarinsa.

Ya kuma yi gaskiya da ya ce maganin ya warkar da shi. Ciprofloxacin magani ne mai ƙarfi, tun 1987 ake amfani da shi, kuma ya ceci rayuka masu yawa daga cututtukan ƙoda da na hanji da na ƙashi da na jini. Sai dai Yaya ya sha shi ne da jikin matashi, ba suga, ba steroid, ƙoda garau. Ƙwayar ɗaya ce, jikin da ta shiga ne daban. Saboda irin wannan ne a 2016 FDA ta ce kada a yi amfani da wannan dangi a ƙananan cututtuka kamar kumburin kogon hanci da kumburin bututun iska na huhu da ciwon mafitsara marar tsanani idan akwai wani zaɓi. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da su a 2019, tare da cewa a guji haɗa su da steroid. A watan Janairun 2024 Birtaniya ta ƙara matsawa, ta ce sai idan sauran magungunan da aka saba bayarwa ba su dace ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2017 ta kasa antibayotik gida uku, na amfanin yau da kullum, na sa-ido, da na ajiya don ranar da komai ya gaza, kuma ciprofloxacin na cikin na sa-ido. Yaya bai san wannan ba, kuma ba abin kunya ba ne, ba aikinsa ba ne ya sani. Aikin wanda ya miƙa masa maganin ne ya tambaye shi wa zai sha, shekararsa nawa, me yake sha.

Akwai tambayar da rigimar ta rufe, wadda a ganina ta fi ta maganin girma. Me ya sa dattijo ke zazzaɓi sau uku a shekara ɗaya? Taifot cuta ce ta musamman, ƙwayar Salmonella Typhi ke kawo ta ta gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma ba a gane ta da taɓa goshi. Ko gwajin Widal da ake yawan dogaro da shi, wanda wani likita Bafaranshe ya fito da shi tun 1896, yana iya nuna akwai alhali babu, ga wanda ya taɓa yin cutar a baya, ko aka yi masa rigakafinta, ko yake ɗauke da wata cutar daban. Gwajin da ake dogaro da shi shi ne a ɗebi jini a raini ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, wanda ake ce wa kalca, a ga wace ce, a ga kuma wane magani ne ke kashe ta. Ga namiji mai shekara 68 da ciwon suga, wanda steroid ya rage wa garkuwar jiki, zazzaɓi mai dawowa na iya fitowa daga mafitsara ko ƙoda, ko daga ƙululun nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara wanda ke girma da shekaru ya tare fitsari. Yana iya zama wani ɗan gyambo a tsakanin yatsun ƙafa da bai ma ji zafinsa ba, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tarin fuka. Kowanne da maganinsa. Ciprofloxacin na iya kwantar da wasunsu na ɗan lokaci ba tare da ya tumɓuke su ba, tarin fuka ma yana iya lafawa da shi har a makara wajen ganowa. Kowane zagaye kuma yana koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinsa yadda za su bijire. A 2016 a lardin Sindh na Pakistan aka ga ɓullar taifot da ta bijire wa dangin antibayotik har biyar, ciki har da wannan. Idan wata rana Baba ya buƙaci ƙaƙƙarfan magani da gaske, muna so a tarar da sauran abin da zai yi masa aiki.

Yadda za ki tunkari Yaya kuwa, ki fara da duba abin da ya ji, domin ba abin da kika faɗa ya shiga kunnensa ba. Ke kin ce maganin na da illa. Shi ya ji an ce ya cuci mahaifinsa. Mutumin da ke ɗauke da hidimar gida shekara da shekaru, yana fita nemo magani da dare, idan aka zo masa da irin wannan magana, tsoro ne ke fara kama shi, sai ya fito a matsayin fushi. Maganar da ya yaɓa miki ta rashin sayen ko ƙwaya ɗaya ta yi zafi, ban kuma ce ya kyauta ba. Amma ki ajiye ta gefe tukuna, akwai ranar da za ku yi ta idan Baba ya miƙe. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban Baba ko ƙanne ba, ko ki kira shi idan ba ya kusa. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Yaya, ka yi haƙuri da yadda na yi maka magana jiya, tsoro ne ya kama ni. Duk gidan nan ba wanda ya kai ka ƙoƙari a kan Baba. Takardar maganin ce ta ce wanda ya haura sittin kuma yana shan prednisolone, in agararsa ta fara ciwo a dakata a ga likita. Ga ta ka duba da kanka. Ka taimaka ka kai mu yau, duk abin da likita ya ce shi za mu bi." Ki miƙa masa takardar a hannu, wurin a ja masa layi. Da haka kin bar masa girmansa, kin kuma ɗauke hukuncin daga bakinki kin mayar wa wanda ku duka biyu za ku iya saurara ba tare da wani ya ji an kayar da shi ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ki kuma tabbatar ya ji labarin daren jiya daga bakin Mama. Ina zargin bai san girman abin ba, kuma ɗa ba ya jin mahaifiyarsa ta ce "na ɗauka tafiya zai yi" ya ci gaba da musu.

Ɓoye maganin a asirce ban ba ki shawararsa ba. Yaya zai gano, ya sayo wani, kuma daga nan duk abin da kika faɗa zai zama abin zargi. Idan za a ajiye maganin, a ajiye shi a fili, kowa ya san dalili.

Idan ya ƙi sauraro, akwai wasu ƙofofin. Ki kira likitan da ya rubuta prednisolone, ko wani ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ki buɗe muryar wayar Yaya na ji, ki faɗi shekarun Baba da sunayen magungunan uku da ciwon dunduniyar da abin da ya faru da dare. Amsar ba za ta ɗauki minti biyu ba. Ko ki nemi wani babba da Yaya ke jin nauyinsa, kawu ko baffa ko wani amininsa, ya yi masa magana. In duk wannan bai yiwu ba kafin lokacin shan ƙwaya ta gaba, to ke da Mama ku kai Baba asibiti, ki tura wa Yaya saƙo cikin ladabi cewa ga inda kuke, kuna jiransa. Wannan ba raini ba ne. Fushin wa yana hucewa, kuma zai fi saurin hucewa idan Baba na tafiya da ƙafarsa.

Kada kuma a manta da mai jikin. Baba ya ce a bi Yaya ne saboda ba ya son ganin 'ya'yansa na sa-in-sa a kansa, wataƙila kuma yana jin nauyin wanda ke yi masa hidima. Amma ba yaro ba ne, kuma ina jin har yanzu ba wanda ya zauna ya gaya masa abin da ke faruwa. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Baba, ciwon ƙafar nan da abin da ya same ka jiya, akwai yiwuwar daga sabon maganin ne, domin ba ya jituwa da waɗanda kake sha. Ba laifin kowa ba ne. Ina roƙon ka bari likita ya duba ka kafin ka ƙara sha." Idan Baba da bakinsa ya ce a kai shi, maganar ta ƙare, Yaya ma ya sami hanyar sauka ba tare da jin kunya ba.

Idan za ku tafi, ki zuba duk abin da Baba ke sha a jaka ɗaya da kwalayensu, har da waɗanda ba a ɗauka magani ba, kamar na ƙarin jini da na ƙwannafi da na ciwon jiki. Akwai dalili. Maganin ƙwannafi mai magnesium ko aluminium, da ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, da zinc da calcium, har da madara, suna kama ciprofloxacin a cikin hanji su hana shi shiga jini, shi ya sa ake cewa a sha shi awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac idan suka haɗu da shi suna ƙara haɗarin jijjiga, ga shi kuma tare da prednisolone suna iya jawo gyambon ciki. Ciprofloxacin yana ƙara wa warfarin, maganin hana daskarewar jini, ƙarfi har jini ya ƙi tsayawa, yana tara theophylline na masu asma a jiki, tizanidine kuwa, maganin sassauta tsoka, sam ba a haɗa su. Ki gaya wa likita idan Baba ya taɓa yin farfaɗiya, ko bugun zuciyarsa na rikicewa, ko an taɓa cewa babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciyarsa ta buɗe, ko akwai mai irin wannan a danginku, domin a watan Disambar 2018 an fitar da gargaɗi a kan tsagewar wannan jijiya ga masu shan wannan dangin magani, kuma tsofaffi da masu hawan jini na cikin waɗanda aka ambata. Ki faɗi ranar da aka fara sha, ƙwaya nawa a rana, da cewa wannan ne karo na uku, ba tare da kin ɗora wa kowa laifi ba. Likita na buƙatar sani saboda antibayotik da aka riga aka sha yana iya ɓoye ƙwayar cuta a gwaji. Ki roƙi a duba aikin ƙodarsa da fitsarinsa, a cire masa safa a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ki kuma tambaya ko glibenclamide ya ci gaba da dacewa da shekarunsa, domin likitoci da yawa na canza wa tsofaffi shi. Idan aka tabbatar illar daga ciprofloxacin ce, a rubuta a katinsa, ku ma ku rubuta a wata 'yar takarda ya riƙa yawo da ita, domin gargaɗin ya shafi dangin maganin duka, ba wannan sunan kaɗai ba.

Sauran ƙwayoyin da suka rage kada a bar su a durowa don wani ya yi zazzaɓi. Mai ciki da mai shayarwa ana kauce musu wannan magani, yara ma ba a ba su sai a wasu cututtuka na musamman bisa umarnin likita, mai cutar raunin tsoka da ake kira myasthenia gravis kuwa yana iya toshe masa numfashi.

Bayan kun dawo, a ci gaba da lura da shi na wasu watanni. Ya guji hawa bene da sauri da ɗaukar kaya har likita ya ba shi izini. Idan ya ce tafin ƙafarsa ko hannunsa na zafi kamar wuta, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, ko wani wuri ya sage ba ya jin taɓawa, kada a ce ai ciwon suga ne a yi shiru, a koma a faɗa. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a ƙirji ko baya ko ciki kuma na gaggawa ne, ko da tsakar dare.

Idan ƙura ta lafa, ku zauna ku raba hidimar. Yaya ya ci gaba da abin da yake yi, ke ki ɗauki riƙe littafin da ake rubuta magungunan Baba da ma'aunin sugansa da ranakun ganin likita, ku kuma amince a tsakaninku cewa ba sabon maganin da zai shiga bakinsa sai an kira likitansa. Wannan zai sauke wa Yaya wani nauyi da ya daɗe yana ɗauka shi kaɗai, kuma ba wanda zai sake cewa ba ki da hannu a ciki.

Yanzu ki tashi ki auna sugan Baba, ki haɗa jakar magungunan, sannan ki kira Yaya. Ina jiran ki rubuto mini abin da likita ya ce. Ki gaishe mini da Mama, Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa.